Don Allah a taimaka min da batun nauyin jan baka da kibiya

Salam ƴan uwa maharba, abin nan ya tsaya min a rai wallahi. Bakana na zamani ne mai gargare, na saita nauyin jansa a fam 70, jan hannuna inci 28, amma in na daɗe zaune cikin sanyi sai na ɗaga shi sama kafin tsirkiya ta zo kumatuna, kafaɗa har rawa take. In na sauke zuwa 60 kibiya za ta ratsa barewa daga yadi 30 kuwa? Bana son in raunata dabba ta gudu ta je ta sha wahala.

Sannan kibiyoyina masu lambar tauri 400 ne (mai ƙaramar lamba ta fi tauri), da kan atisaye mai nauyin giren 100 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) suna tafiya daidai amma ina ɗaura kai mai wuƙa sai su karkata dama. In koma kibiyoyi masu lamba 340 ne ko saitin bakan zan taɓa tukuna?