Waɗanda suka ga kakar 2021 ta Nebaraska da idonsu, ku zo mu yi hira

Ɗan Zariya a Linkon: Assalamu alaikum jama'a. Sabbin ɗalibanmu suna yawan tambaya me ya sa mutanen garin nan ke tsuke fuska da zarar an ambaci 2021. To, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Nebaraska, wato Cornhuskers, ta buga wasa 12, ta ci 3, aka doke ta a 9. Takwas daga cikin taran nan da maki 8 ko ƙasa da haka aka ci su, tazarar da hari ɗaya zai iya rufewa. Na taran, da Ohayo Sitet, 26 da 17 aka tashi. A ganina gara a yi maka kaca-kaca tun da wuri ka tafi gida ka huta, da a riƙa sa maka rai har mintin ƙarshe duk Asabar.

Maman Yara, Omaha: Wa alaikumus salam Malam. Ni ko dokokin wasan ban gama sani ba, amma wasan Mishigan a gidan maƙwabcinmu na kalle shi, wani dattijo da komai nasa ja ne, har tabarmar bakin ƙofa. Ana 29 da 29, saura ƙasa da minti biyu, ƙwallo tana hannunmu. Sai ta kuɓuce wa Adrian Martinez, mai jefa ƙwallon nasu. Mishigan suka buga ta tsakanin sanduna, 32 da 29. Dattijon nan bai ce uffan ba. Ya kashe talabijin, ya tattara farantai, ya tsaya yana wanke su ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta yi mana alama da ido mu tashi. Ranar Litinin a wurin aiki kai ka ce gidan makoki ne.

Injiniya daga Maraɗi: Hajiya, ai naki da sauƙi tunda a falo kika gani. Ni ina cikin filin Memorial, filinmu na gida, ranar wasan Ayowa, washegarin bikin godiyarsu na Nuwamba. Martinez na jinya, Logan Smothers ne ya fara, kuma yaron ya yi ƙoƙari. Mun kai 21 da 6. Mutanen da ke bayana har sun fara rungumar juna. Na kusa da ni kuwa, wani manomi mai hular masara, ya girgiza kai ya ce kada in yi murna tukuna, ya san halinsu. A kashi na huɗu muka zo buga ƙwallo nesa don mayar wa Ayowa, suka tare bugun, suka ɗauka suka kai ta ƙarshen fili suka ci maki. Daga nan komai ya wargaje, aka tashi 28 da 21. Abin da ya tsaya mini shi ne ba wanda ya yi mamaki a layinmu. Manomin ya miƙo mini rabin burodinsa mai nama da kabeji, irin wanda suke kira Runza, na yi godiya na ce na ƙoshi.

Ƙaramin ɗalibi: Yaya, ni fa wasan Northwestern kaɗai na shiga a shekarar, 56 da 7, ga balan-balan ja a sama bayan makin farko. Na kira gida na ce jami'armu ba ta da sa'a a Amurka 😂

Ɗan Zariya a Linkon: Ƙanena, wasanka ne ya jawo lissafin nan mai ban dariya. A gasar Big Ten, rukunin jami'o'in da suke ciki, sun ci 1 an ci su 8, amma makin da suka zura 239, wanda aka zura musu 239, daidai wa daida.

Mai lissafi: Ku yi haƙuri, ni ban ga abin tausayi ba. Kocinsu na lokacin, Scott Frost, yana karɓar dala miliyan 5 a shekara. Da abin ya lalace sai aka sallami mataimakansa huɗu, aka rage albashinsa zuwa miliyan 4, aka ce ya ci gaba. Sai Satumban 2022, bayan Georgia Southern ta zo har gida ta ci 45 da 42, aka kore shi, da kuɗin sallama kusan dala miliyan 15. Idan kuskure iri ɗaya na maimaituwa kowane mako, musamman a wajen bugun ƙwallo kamar yadda ya faru da Mishigan Sitet, ai ba rashin sa'a ba ne, rashin horo ne.

Maman Yara, Omaha: Gaskiyarka Malam, amma ka san ɗan gida ne. Shi ne mai jefa ƙwallonsu a 1997, shekarar da suka ci na ƙarshe cikin kambunansu biyar na ƙasa, kuma a 2017, yana kocin UCF, wata jami'a a Florida, ya kai su wasa 13 ba a doke shi ba. Maƙwabcin nawa cewa yake korarsa tamkar ka kori ɗanka daga gona ne.

Malama a sashen kimiyya: Ni gefen da na gani daban ne. Ina taimaka wa malami a ajin safe, akwai 'yan wasa a ciki. Ranar Litinin za ka ga ƙato ya shigo yana ɗingishi, yatsunsa a naɗe da filasta, ya zauna can baya ya ja hula, ga jarrabawa a gabansa. Ɗan shekara 20 ne fa, kuma duk jihar ta kwana tana zaginsa a Twitter. Ba na taɓa yi musu maganar wasa. Takardarsu nake karɓa in ce sannu.

Injiniya daga Maraɗi: Duk da haka filin bai daina cika ba. Tun 1962 ake sayar da tikiti kaf a kowane wasan gida. A 2021 ma da aka ga na wasan Fordham zai yi saura, masu hannu da shuni suka saye aka raba wa yara.

Mai lissafi: To Injiniya, wannan cika ce ko rufin asiri?

Injiniya daga Maraɗi: Duka biyun. Amma yaran sun ga 52 da 7, sun fi mu morewa.