Neman kalmar Hausa: me za a kira "gilman" na rundunar Halifa Mu'utasim?

Mai Shirin Tarihi: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Asabar da safe zan naɗi shirin rediyo a kan rundunar Halifa Mu'utasim na daular Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, amma kalma guda ta gagare ni. Littattafan Larabci suna kiran samarin Turkawan da ya riƙa sayowa daga yankin Samarƙandi "gilman", jam'in "gulam", daga baya kuma "mamluk" ta fi yaɗuwa. Gwanayen harbin kibiya ne a kan doki, an 'yanta da yawansu, har wasu suka jagoranci runduna. Na rubuta "bayin yaƙi", sai dai hankalina bai kwanta ba.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Duk Bahaushen da ya ji "bayin yaƙi" zai ɗauka waɗanda aka kamo ganima ake nufi. "Sojan haya" ma ba ta yi ba, domin ɗan haya yana da gidan da zai koma in kuɗi sun ƙare, su kuwa ba su da kowa sai halifa. Ni "bayin halifa" nake gani, a kan ma'aunin "bayin sarki" da muka sani a fadar Kano, inda Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka riƙe ikon da 'ya'yan sarauta da yawa ba su samu ba.

Malama Badamagariya: Malam, shawararka tana da ƙarfi, amma a kula kada kalmar ta haɗiye rundunar gaba ɗaya. A Samarra, birnin da Mu'utasim ya kafa a 836 a bakin kogin Dijla bayan mutanen Bagadaza sun gaji da dawakin Turkawa a titunansu, an yanka wa kowace ƙabila unguwarta: Turkawa, mutanen Fargana da na Ushrusana (ƙasashe biyu a Asiya ta Tsakiya), da Magariba waɗanda aka ɗebo daga Masar. Afshin, wanda ya kama madugun 'yan tawaye Babak a 837 kuma ya ja ɓangare guda na rundunar da ta ci Amuriyya, birnin Rumawa, a 838, ɗan gidan sarautar Ushrusana ne, ba a taɓa sayensa ba. Itak kuwa, wani jagoran rundunar, Bahazare ne, wato ɗan ƙabilar Hazarawa, bawa mai dafa abinci kafin Mu'utasim ya saye shi. Ina ba da shawarar "yaran halifa", tunda "gulam" yaro ne, kuma a Hausa yaron wane ba lallai ƙaramin yaro ba ne.

Malam Basakkwace: Ku gafarce ni, duk kuna kewaye ne. "Mamluk" na nufin wanda aka mallaka, saboda haka na daɗe ina koya wa ɗalibaina "ɗan mallaka", jam'i "'yan mallaka". Hausa tsantsa ce, ba mu ari komai daga kowa ba, kuma ta raba shi da bawan gona da bawan gida. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a cusa mana "gulamai" ko "mamlukai" kamar harshenmu ya talauce.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, ita kanta "mallaka" daga tushen Larabci guda take da "mamluk" da "mulki". Ban da haka, mai sauraro zai ji "'yan mallaka" ya tuna Turawan mulkin mallaka, shirin kuma ba shi da lokacin warware wannan ruɗani.

Malam Basakkwace: Kalmar da kakanninmu suka shekara ɗaruruwa suna furtawa ta zama tamu, ɗana. Kuma "bayin sarki" da kake dogaro da ita al'adar fadar Kano ce. Ba dole ba ne duk ƙasar Hausa ta auna tarihin Musulunci da mudun Kano. Sannan ya za a kira mutum kamar Ashinas, ɗaya daga cikin sayayyun Turkawan nan wanda aka ba wa ragamar Masar, da sunan bawa?

Malama Badamagariya: Baba Malam, da wannan hujjar taka "halifa" da "waziri" da "alƙali" duk namu ne, to me zai hana "gulam" samun wuri? Batun Ashinas kuwa, a nan darasin yake. Waɗannan sayayyun samari su ne suka sa hannu a kisan Halifa Mutawakkil a 861, suka shekara tara suna naɗa halifofi suna tuɓewa. In aka ɓoye asalinsu na bauta, mai sauraro ba zai gane yadda takobin da aka saya don kare fada ya juyo kanta ba. Na janye "yaran halifa", domin ita ma ta ɓoye wannan.

Mai Shirin Tarihi: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: a farko zan ce "gilman, wato bayin halifa da aka saya aka horar domin yaƙi", daga nan in ci gaba da "bayin halifa" ga Turkawa da Hazarawa kaɗai. Sauran zan kira su da sunayen ƙasashensu, jimillarsu kuma "rundunar Samarra". Har yanzu ban san abin da zan ce ba in na kai ga 'yantattun da suka zama gwamnoni.

Malam Basakkwace: Ka naɗi shirinka, tunda lokaci ya ƙure maka. Ni dai a ajina "'yan mallaka" zan ci gaba da rubutawa, kuma in za ka yi shiri a kan Mamlukan da suka karɓi mulkin Masar a 1250, ka dawo mu sake zama, domin can ba halifa ba ne ubangidansu.