Zanen fuskar manhaja a Gombe: in nemi aiki ko mu buɗe namu?

Ɗan_Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na gama jami'ar jihar Gombe na yi bautar ƙasa, yau shekara ɗaya da rabi kenan ina koyon zanen fuskar manhaja da Figma (manhajar da ake yin zanen da ita), na shiga 3MTT (shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani) ma na ƙara gogewa. Yanzu ni da wani abokina mai rubuta kod muna so mu buɗe ɗan kamfani mu yi ma 'yan kasuwa manhajar rubuta bashi, amma Baba ya ce shi bai ga sana'a a zaman ɗaki ana danna kwamfuta ba, wai in kawo takarduna a nema min koyarwa. Ni kuma ina ganin ai wanda ya kafa Figma ɗin ma Dylan Field barin jami'a ya yi ya kama nashi. Ya kuke gani?

Hamma_Bolari:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka faɗi rabin labari ka bar rabi. Eh ya bar jami'ar Brown a 2012, amma da dala dubu 100 na tallafin attajirin nan Peter Thiel a aljihunsa ya fita, kuma sai 2016 suka saki Figma ma kowa da kowa, shekara huɗu ana gini ana ci ana sha ba a tambayarsu kuɗin cefane. Kai nawa ne a asusunka? Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, ko a nan gida ai Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da aka fara a 2015, Stripe ta Amurka ta saye ta a 2020 kan sama da dala miliyan 200, toh abin yana yiwuwa. Amma ni da kai ne zan karɓi koyarwar nan, da rana aji da dare zane, albashin ya riƙa sai maka data da man janareta. Kar ka yi jayayya da Baba, ranar da ka sauke masa buhun shinkafa da kuɗin danna kwamfutar shi da kansa zai ba maƙwabta labari.

Adda_Dizaina:
Ni batun manhajar bashin ne ya ja hankalina dan na taɓa yin irinta ma Baffana da ke sai da hatsi a Tudun Hatsi. Wlh na zauna sati uku na tsara abu mai kyau, fari tas, rubutu siriri launin toka, irin wanda in ka ɗora a Behance, shafin da masu zane ke baje kolin aikinsu, za a yi ta yabo. Na kai masa da rana tsaka, ya ɗaga 'yar Tecno ɗinsa ya kare da hannu ya ce 'yata ni ban ga komai ba. Rana ta cinye rubutun. Ga yatsunsa duk ƙurar masara, in ya danna madanni ɗaya biyu ke dannuwa, layukan nan uku na saman kusurwa da muke ɓoye abubuwa a ciki kuwa bai ma san ana taɓa su ba. Abin da ya fi kashe ni, na sa wajen rubuta cikakken suna da lambar waya, shi kuwa a littafinsa "mai jar hula na Dukku, buhu 4" ya rubuta, kuma ya fi ni sanin wa yake nufi.

Na koma na rushe komai. Madannai biyu manya, ɗaya YA KARƁA ɗaya YA BIYA, baƙin rubutu mai kauri da Hausa, kuma ta yi aiki ko ba intanet dan cikin rumfa sabis sai a hankali. Ba ta da kyan da zan nuna a intanet amma har yau yana amfani da ita, duk da bai yar da littafin ba, ya ce waya tana mutuwa takarda ba ta neman caji. Toh kafin ku yi maganar kamfani, 'yan kasuwa nawa ka zauna a rumfarsu ka ga yadda suke rubuta bashin? In ba ka kai goma ba, ƙanina ba ka fara ba tukuna.

Mai_Laftof_Yelwa:
Daga Bauchi nake leƙo ku. Abu ɗaya zan ƙara, kar ka taɓa fara aiki ba a ba ka rabin kuɗi ba. Wani mai makaranta na zana ma shafi 22, da na tura sai ya ce ai zane ne kawai ba a gina ba, Allah ya yi albarka. Albarkar ce kuɗina har yau hhh. Kuma kai da abokin naka ku rubuta kason kowa a takarda tun yanzu da kuke dariya, rajistar kamfani a CAC ta biyo baya.

Ɗan_Jekadafari:
Na gode sosai. Adda kin kama ni, gaskiya ko mutum ɗaya ban zauna da shi ba, daga YouTube na ɗauko tsarin, kuma nawa ma launin tokan ne. Ranar Asabar in sha Allah zan shiga babbar kasuwa wajen kawuna mai yadi. Da wayar zan je in nuna masa ko in fara da kallon littafin nasa?

Adda_Dizaina:
Bar wayar a aljihu. Ka tafi da biro da takarda, ka zauna har a yi ciniki uku ko huɗu a gabanka, ka lura da lokacin da yake jawo littafin da abin da yake fara rubutawa. Kuma ka sai masa goro.