Shawarwarin masu kiwon Koridoras a Kano

A tattaunawar masu kiwon kifin ado a Kano, an fi daɗewa kan Koridoras, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa mai sulken ƙashi daga kogunan Kudancin Amurka. Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce a shimfiɗa yashi mai laushi a tankin, domin tsakuwa mai kaifi tana lalata gashin bakin da yake lalubo abinci da shi. A haɗa aƙalla shida, don ba ya son kaɗaici. Zafin Afrilu kuwa babbar barazana ce, tunda ya fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 26, saboda haka a nisanta tankin daga taga. Idan ya leƙo sama jefi-jefi ya haɗiyi iska, ɗabi'arsa ce.