Maɓallin "Koma" a burauzar WAP: na waya ne ko na mai shafi?

Injiniya: Ni ra'ayina shi ne, a zamanin WAP, wato tsohuwar hanyar buɗe shafukan intanet a wayar hannu, kuskure ne mai shafi ya dogara da tarihin burauza, wato jerin wuraren da mutum ya ziyarta. Ya sa mahaɗi da go, umarnin zuwa wani adireshi, wanda zai kai mutum babban shafin da ke sama, shi ke nan. Ƙa'idar WML ma, harshen rubuta shafukan WAP, shigarwa 10 kacal na tarihi ta ba da shawarar waya ta riƙe a matsayin mafi ƙaranci.

Malama: Injiniya, a nan muka raba hanya. Duk lokacin da aka yi go, sabon kati, wato allo ɗaya na shafin, ake ɗorawa kan tarihin, prev kuwa, umarnin komawa baya, cirewa yake yi. In "Koma" ɗinka go ne, mutum ya shiga ya fita sau biyar, tarihin ya cika da maimaici, ya danna maɓallin wayar ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Ga kuɗi: layin GSM na lokacin kilobit 9.6 ne a daƙiƙa, da minti ake caji. Prev yakan ɗauko katin daga ma'ajiyar wayar ba tare da an taɓa saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin, ba.

Ɗan Gwaji: Ku biyun kun tsallake bambancin wayoyi. Nokia 7110 ta 1999 sai ka rubuta do, umarnin ɗora aiki kan maɓalli, mai nau'in prev kafin "Koma" ya fito a maɓallin dama, in ka manta mutum ya maƙale. Burauzar Phone.com kuwa tana ba da hanyar komawa da kanta, sai naka ya cinye maɓalli a banza. Dole saba ta duba wace waya ce kafin ta aika.

Injiniya: To fom fa, Malama? Mutum ya tura oda, ya koma baya, katin ya fita daga ma'ajiya, a sake tura odar.

Malama: Wannan gaskiyarka ce, amma maganinsa daban. A katin tabbatarwa ka sa newcontext, ya share tarihi da bayanan da aka cike, sannan ka ba shi mahaɗi zuwa shafin farko. Haka katin maraba mai agogo, wanda ke wucewa gaba da kansa in lokaci ya cika: in aka koma kansa sai ya sake jefa mutum gaba. Sa masa onenterbackward, umarnin da ke aiki in an shigo katin ta baya, da prev a ciki, a wuce shi.

Ɗan Gwaji: Kuma a rubuta prev ɗin sau ɗaya cikin template, sashen da katunan ƙunshi ɗaya ke rabawa, duk katunan su gada, wanda ba ya so ya rufe shi da noop, umarnin kada a yi komai. Hakan na rage girma, don 7110 ba ta karɓar ƙunshin katunan da ya wuce kimanin bayit 1,400.

Injiniya: Na yarda a kan template. Amma wanda ya shigo tsakiyar shafi ta adireshin da ya ajiye, prev ba zai kai shi sama ba. Mahaɗin nan sai ya zauna, ko da sunansa "Gida".