Wai da gaske naira ɗaya ta taɓa zama riyal shida?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Shekara uku kenan ni da ƙannena muna tara wa mahaifiyarmu kuɗin kujerar Hajji, duk sanda muka ce mun kusa sai kuɗin ya ƙara yin gaba, a 2023 kujera wajen miliyan 3 ce amma zuwa 2025 ta haura miliyan 8, wlh abin har ya fara karya min gwiwa. To jiya bayan magariba muna zaune a ƙofar gida sai kawunmu yake cewa shi da ya je Makka a 1980 naira ɗaya riyal shida aka canja masa. Ban yi masa musu ba saboda babba ne, amma gaskiya ne? In gaskiya ne yaushe abin ya juye haka, riyal ce ta yi tsada ko kuwa?

Tsohon Malami Samaru:
Wa alaikumussalam ɗana. Kawunka bai ƙara gishiri ba. A 1980 dala ɗaya wajen kwabo 55 take a farashin gwamnati, wato naira ɗaya ta kusa dala biyu, ita kuma dala tana riyal uku da 'yan kai, lissafa ka gani shidan ce za ta fito. Lokacin nairar ma yarinya ce, a Janairun 1973 zamanin Gowon aka bar fam aka koma naira, fam ɗaya naira biyu. Kuɗin mai na shigowa, shi ya sa makarantunmu na sakandare nan Zariya suka cika da malamai 'yan Ghana da 'yan Indiya, albashin naira suke bi.

Amma ka riƙe wannan, riyal ba ta je ko'ina ba. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure ta da dala a kan 3.75 kuma har yau a nan take. Mu ne muka zame. Kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wannan shekarar ta 1986 ɗin ce Babangida ya kawo SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya yi mana katutu, aka fara gwanjon dala a watan Satumba, kafin mu ankara a 1987 dala ta kai naira 4. Zamanin Abacha gwamnati ta kafe ta a naira 22 alhali a hannun 'yan canji ta haura 80, wanda ke da hanya ya karɓa a 22 ya sayar a 80 bai noma ba bai ƙera komai ba. Da Obasanjo ya hau a 1999 tana cikin 90 da wani abu.

Mai Shago Sabon Gari:
Baba Allah ya ƙara lafiya, bari in ɗora daga inda na fara gani da idona. Na fara saro kaya wajen 2008 dala na 118, riyal ba ta wuce naira 30 da ɗoriya ba. 2009 dala ta koma 150 ta daɗe a nan har muka saba, sai mai ya sake faɗuwa ƙarshen 2014, farkon 2015 ta zama 197, Yunin 2016 babban banki CBN ya sake ta ta tafi 280 daga baya 305, a Wapa kuwa, kasuwar 'yan canji ta Kano, Fabrairun 2017 sai da ta taɓa 520, ba zan manta ba don a watan na sayar da kaya na koma sari kuɗin ya kasa sayo min rabin abin da na sayar. Babbar girgizar ita ce Yunin 2023 da Tinubu ya haɗe farashin canjin dala wuri guda, daga 460 da wani abu ta yi tsalle ta wuce 700, Fabrairun 2024 a kasuwar bayan fage har ta doshi 1,900. Shekarar ce hukumar alhazai NAHCON ta ce maniyyata su ciko kusan miliyan 1.9 bayan sun riga sun biya. Malam duk sanda kake son sanin riyal ka raba kuɗin dala da 3.75 kawai, in dala na 1,500 riyal 400 kenan. Jirgi da masauki da abinci duk da kuɗin waje ake biya, shi ya sa kujerar ke bin dala sau da ƙafa.

Maman Yara Gyallesu:
Ni kam ina da ɗan gyara Malam, kar yaran nan su ɗauka lokacin aljanna ce. Wancan farashin gwamnati ce ta tsayar da shi, ba kowa ke samun dalar ba sai mai lasisin shigo da kaya, kuma da mai ya faɗi mu muka sha layin madara da sabulu da shinkafa a 1984, da goyo a bayana na yi layin nan. Amma dai gaskiya ɗaya ce, mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne kuma ya kai dala 200, amma dubu 70 da aka mayar da shi a 2024 ko dala 50 ba ta kai ba a lokacin. Ɗana kar ka sare, Allah ya nufe ta da zuwa.

Ɗan Tudun Jukun:
Amin Mama, na gode Baba, na gode Alhaji. Yanzu na gane ba kujerar ce ke gudu ba, ajiyar tamu ce ke narkewa a akawun. Ƙanina ya kawo shawarar mu juya abin da muka tara zuwa dala ko mu sayi masara a kaka mu ajiye, wani kuma ya ce mu shiga adashin gata na Hajji da NAHCON ke yi da Jaiz. Akwai wanda ya taɓa gwada ɗaya a ciki?