Neman shawara: Datsun 260Z ɗin marigayi Babanmu, na rasa inda zan samo kayanta na asali

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan maganar nan ta hana ni barci.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. A 1981 wani Bature abokin aikinsa zai koma ƙasarsu, sai ya sayar masa da motarsa, Datsun 260Z ƙirar 1976, mai kujera biyu, ruwan goro, sitiyarinta a hagu. Har yau Hajiyarmu tana ba da labarin faɗan da ta yi ranar, wai ina mai iyali ina motar da ba ta ɗaukar kowa sai mutum ɗaya. Duk Juma'a yakan ɗauki ɗayanmu zuwa masallaci, bi da bi. Ina tuna yadda nake miƙa wuya don in hango ƙarshen dogon bonet ɗin nan, da ƙananan agogunan nan uku da ke jere a tsakiyar dashbod. Yana tuƙi yana gaya mini cewa yayar wannan motar, 240Z, ita ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973.

A 1999 ya jingine ta a gindin darbejiya a bayan gida, lokacin masaƙa ta fara durƙushewa, shi ma jiki ya fara ƙi. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Wajen rabon gado yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta. Na ce ko kusa, a yi mata kuɗi a cire daga rabona. Haka aka yi, kuma har yanzu ɗaya daga cikinsu bai daina yi mini gori ba.

Na sa an jawo ta gareji, falanbita ya gyara bodi, an fesa mata fenti irin nata na da. Ta ci naira dubu 850 zuwa yanzu. Kabiretocinta guda biyu, da aka buɗe su, zanzaro ya yi gini a ciki. Bakanike ya ce a jefar a sa guda ɗaya. Dashbod ya tsage wuri biyu, fitilar baya ta hagu ta fashe, robobin gilashi duk sun bushe, tambarin jikinta yara sun ɓalle. Na zaga Panteka, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na tura yaro Ladipo a Legas, ko ɗaya ba a samu ba. Ni kuma ba na son jabu ko guda a jikinta. A ina zan samu na asali? Burina in ɗauki Hajiya a cikinta kafin Babbar Sallah.

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ni ban san mota ba, amma ka tabbata maganar gadon nan a rubuce take da shaidu. Mu haka aka yi da filin mahaifinmu, aka bar wa ƙanena da baki, da ya gina shi kowa ya dawo yana cewa da rabonsa. Shekara shida ke nan ba ma shiga gidan juna.

Oga Injiniya:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Shekara 31 ina sana'ar gyaran mota, don haka ka saurare ni da kyau. Ka ba mu labarin masallaci da darbejiya, amma abin da ya kamata ka faɗa ba ka faɗa ba. Injin yana juyawa ko ya kafe? Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ƙarfen ƙasan motar? Wa ya ce maka a fara da fenti?

Motar nan tsatsa ce ajalinta. Ƙarfenta siriri ne, kuma wuraren da take ruɓewa sanannu ne: ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja, mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, dogayen ƙarafunan nan biyu da suka bi ta ƙarƙashinta, da gefen ƙasa gaban tayar baya, da bakin ƙofar baya inda ruwa ke kwanciya. Damina fiye da ashirin ta yi a gindin bishiya, ganye yana toshe mata magudanai. Kuma ba irin motar da ake ɗora bodi a kan shasi daban ba ce, bodin shi ne ƙashin bayanta. Ka ɗauki sukundireba ka shiga ƙarƙashi ka caka. In ya nutse, fentin nan naka ado ne a kan gawa.

Batun inji kuwa, nata L26 ne, silinda shida a jere. Kada ka wahalar da kanka. Nemi L28 na tsohuwar Nissan Patrol ko na Datsun 280C, gida ɗaya suka fito, zai zauna, sai dai a duba kaskon baƙin mai don mazauninsa yakan bambanta. Ka sa kabireta ɗaya kamar yadda bakanikenka ya ce, ka hau abarka.

Baban Sadik:
Na gode Oga. Fentin na fara da shi ne saboda mutanen gida su ga an kama aiki, surutun ya yi yawa. Kuma falanbitan ya ce mini bodin lafiya yake, ɗan cike-cike kawai ya yi. Injin ban tayar ba tukuna. Amma gaskiya ba zan cire injin da Baba ya yi shekara 18 yana tuƙawa ba. In na sa na Patrol, ai ba motarsa ba ce kuma.

Oga Injiniya:
"Ɗan cike-cike" shi ne abin da nake tsoro. Ka sami maganaɗisu ka bi gefen ƙofofin da shi, duk inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, ƙullu aka shafe. Ni na gaya maka.

Ɗan Zariya:
Malam, kafin komai ka je ka kwaso kabiretocin nan ka kai gida yau ɗin nan. Haka wani bakanike ya yi mini da 504 ɗin kawuna. Ya ce kaza ya mutu, kaza ya mutu, ashe cirewa yake yana sayarwa. Wata takwas motar tana wurinsa, da na je ɗauka ko lagireto babu. Muka je gaban shugaban garejin, aka ce in yi haƙuri. Har gobe in na wuce ta wurin raina ɓaci yake. Duk abin da aka kwance daga motarka, ko noti ne, ka sa a buhu ka rubuta sunansa.

Abu Hanifa:
Allah ya gafarta wa Baba. Ina zaune a Nagoya, harkar tura kayan mota nake yi. Da girmamawa, ban yarda da Oga kan inji ba. Darajar irin wannan motar a wurin masu nemanta tana cikin injinta na asali. Akwai ƙaramin faranti a ɗakin inji mai ɗauke da bayananta, lambar bodi kuma an buga ta a bangon da ya raba inji da ɗakin direba. In 260Z ce mai kujera biyu, mai sitiyari a hagu, za ka ga ta fara da RLS30. Ka ɗauki hotonta, da ita za ka yi kowace sayayya.

Kabiretocin na Hitachi ne, samfurin SU, kuma ba kasafai suke mutuwa ba. Ana wanke su, a canja allura da gasket, a zuba ɗan mai a saman kowanne, a daidaita su su ja iska daidai da juna. Yawancin masu cewa a jefar, daidaitawar ce ba su iya ba.

Amma kada ka ce komai daga Japan za ka saya. A nan sunanta Fairlady Z, sitiyarinta a dama, kuma mafi yawansu injin lita 2 gare su saboda haraji. Dashbod ɗin Japan ba zai shiga taka ba. Amurka ce ta sha mafi yawan masu sitiyarin hagu, can za ka nemi dashbod da kayan sitiyari. Ƙananan abubuwa irin su tambari ana samu a gwanjon Yahoo na Japan ta hannun wakili. Fitilar baya kuma ka kula, ta 240Z daban take da ta 260Z, a taka fitilar ribas a ware take. Nissan sun fara sake ƙera kayan tsofaffin motocinsu a 2017, amma da Skyline GT-R R32 suka fara, don haka kada ka zauna jiran su.

Robobin gilashi kuwa, sababbin da ake bugawa yanzu su za ka saya. Roba ta asali mai shekara kusan 50, ko a ledarta take, ta riga ta bushe.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri Abu Hanifa, hankalina ya ɗan kwanta kan kabiretocin. Sai dai robobin nan sababbi, ai su ne jabun da nake gudu. Na fi son in jira in samu na kamfani ko da tsada.

Oga Injiniya:
Abu Hanifa, kana Japan kana ba mutumin Kaduna shawarar Japan. Wa zai daidaita masa tagwayen kabireta a nan? Mu da muka iya saura mu nawa? Ga ƙurar hunturu, ga irin man da muke sha. Ya kashe kuɗi ya kawo kaya, bayan wata biyu ta fara tari, ya dawo nan yana tambaya. Shi fa ba sayarwa zai yi ba balle a yi maganar daraja, Hajiya yake son ɗauka. Ring da fiston na L28 sun fi sauƙin samu. Na L26 faɗinsa milimita 83, na L28 milimita 86, ba sa shiga juna, sai ya yi oda ya zauna jira.

Kuma kai Baban Sadik, kada wanda ya kuskura ya haɗa batir ya murza makulli. A cire fulogogi shida, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi mako guda, sannan a sa sifana a juya da hannu. A sauke tanki a wanke. Duk robar burki a canja, ko kana so ko ba ka so. A nan ba ruwan kowa da asali, maganar rai ce.

Alhaji na Sabon Gari:
Ni dai gargaɗina kan oda ne. Na sayi gilashin gaba na wata tsohuwar mota daga waje, wani ajan mai fitar da kaya ya riƙe shi wata biyar, kullum da sabon kuɗin da zai ce a kawo. Da ya iso a tsage yake, kowa ya ce ba a hannunsa ya fashe ba. Kuɗin dako da na fito sun ninka kuɗin gilashin. Dashbod kuma ya fi gilashi wuyar ɗauka. Ka kai naka wurin masu ɗinkin kujerun mota su lulluɓe shi da fata, ba mai ganewa.

Abu Hanifa:
Alhaji, lulluɓewa tana ɓata shi, in rana ta buga fatar takan ɗaga. Akwai murfin roba da ake yi daidai da shi, ana ɗorawa a kai. Oga kuma, L24 na 240Z da L26 faɗin fiston ɗinsu ɗaya ne, ring ba zai gagara ba. Ni na ce a buɗe injin a gani kafin a yanke masa hukunci.

Maman Husna:
Hajiyar ma ka tambaye ta ko za ta iya shiga? Na ga hoton irinta, a ƙasa take sosai. Mamana ko ƙaramar mota sai an riƙe ta saboda gwiwa.

Baban Sadik:
Na gode muku duka. Ɗazu na je garejin. Na caka sukundireba a ɓangaren fasinja, ya ɗan shiga, amma wuri ɗaya ne, kamar faɗin tafin hannu, kuma falanbitan ya ce zai yi waldarsa ta ƙasa ba tare da an taɓa fenti ba. Mazaunin batir ban duba ba, duhu ya yi. Kabiretocin na samu guda ɗaya, ɗayan ya ce yaronsa ya ajiye, gobe zai nemo. Injin dai na yanke ba zan canja ba. Abu Hanifa, na ga wata fitilar baya a intanet, mai ita ya rubuta 240Z amma a ido iri ɗaya ce da tawa, kuma ya ce yau kawai zai riƙe mini. In tura kuɗin?

Oga Injiniya:
An gaya maka ba iri ɗaya ba ce. Ka duba mazaunin batir tukuna. Kuma wace irin walda ce za a yi a ƙarƙashi da tanki a jiki?

Ɗan Zariya:
"Yaronsa ya ajiye." Kalmar da aka fara gaya mini ke nan. Malam, ka kwana a garejin nan in ta kama.